Korona a Kano: yadda ƙofar asibiti ke gina amana ko ta rusa ta

A watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari a Kano ne suka fara sanar da duniya cewa akwai abin da ke faruwa a garin. Sun san adadin kaburburan da suka saba haƙawa a yini, suka kuma ga abin ya ninka. Ana idar da sallar jana'iza, kafin a dawo daga maƙabarta an aiko da saƙon wata rasuwar. Yawanci dattawa ne, cikinsu har da sanannun mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi. Da farko gwamnatin jihar ta ce an zuzuta maganar, daga baya ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai wannan lokacin kuma samari na yawo a lunguna suna ihun "babu korona".

Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da tawagar gwamnatin tarayya ta yi, inda aka bi gida-gida ana tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya kasance. An ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, har ta kai ana binne mutum 43 a rana lokacin da abin ya yi tsanani. Ya ce tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na mace-macen na iya zama suna da alaƙa da korona. Amma adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba a cika maimaitawa ba: kashi 56 cikin 100 a gida suka cika. Mutum sama da rabi sun rasu a kan katifarsu, a birnin da ke da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Murtala da na Nassarawa da asibitoci masu zaman kansu barkatai.

Dalilin bai ɓoyu ba. Da aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, tsoro ya shiga ma'aikatan lafiya, kuma suna da hujja, domin kayan kariya ba su wadata ba, ga shi nan da nan likitoci da nas-nas da dama suka kamu. Asibitoci masu zaman kansu da yawa suka rufe, na gwamnati suka rage karɓar marasa lafiya. Duk wanda aka kawo da tari ko numfashi sama-sama, sai a ce a kai shi gaba. Dokar kulle ta fara aiki ranar 16 ga wata, ba motar haya, ba ɗan sahu. Mai ciwon suga da ke zuwa ganin likita duk wata ya rasa hanya, mai wankin ƙoda ya tsallake ranarsa, mai hawan jini maganinsa ya ƙare. Ɗakin gwajin korona tilo da ke jihar, wanda ke asibitin Malam Aminu Kano, ya dakatar da aiki na wasu kwanaki. Mutane na kiran lambobin gaggawa da ake ta sanarwa a rediyo, suna ƙorafin ba a ɗauka. Ka ɗauki magidancin da ya zagaya da mahaifinsa asibiti uku a cikin dare ana mayar da shi, ya dawo da shi gida ya cika da asuba, sannan da rana ya kunna rediyo ya ji wani jami'i na cewa gwamnati ta damu da lafiyarsa, ya zauna a gida ya wanke hannu. Da wane kunne zai saurari wannan magana?

An yi ta cewa jahilci ne ya sa mutane suka ƙi yarda, wasu suka ce taurin kai ne irin na 'yan Arewa, wasu suka ɗora wa malamai. Ni ban gamsu da wannan bayanin ba, kuma ina ganin yana da haɗari, saboda yana wanke waɗanda ya kamata a tuhuma. Mutum yana auna maganar hukuma ne da abin da ya sani game da ita. Talakan Najeriya bai san gwamnati a takarda ba. Wurare kaɗan yake haɗuwa da ita ido da ido: shingen 'yan sanda, makarantar firamare, rumfar zaɓe, sai asibiti. A cikin waɗannan, asibiti ne wurin da yake zuwa a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni, da yaro a kafaɗa ko mace na naƙuda. Abin da ya gani a can shi yake riƙewa, kuma da shi zai yanke hukunci ranar da annoba ta zo aka ce masa ya ba da amana.

To me yake gani? Ya yi sammako ya bi layin yankar kati, ya biya. Ya zauna a benci har rana ta take kafin a kira shi. Likita ɗaya ne ke duba mutane fiye da yadda zai iya, don haka minti kaɗan yake ba kowa, wani lokaci bai ɗago kai ba ya rubuta takarda. A je ɗakin magani a ce babu, a duba kemis ɗin da ke tsallaken titi. In an ba da gado, sai nas ta miƙo jerin sayayya: safar hannu, sirinji, auduga, ledar ƙarin ruwa, filasta. In haihuwa ce da dare, wataƙila har da man janareta, ko a haska da fitilar waya. In ana buƙatar jini, sai a ce a kawo 'yan uwa ko a kawo kuɗi. A nan ne za ka ga maigida ya koma gefe yana buga waya yana cewa, "Yaya, don Allah ka taimaka da abin da ya samu, an ce sai an biya kafin a taɓa ta." Galibin ma'aikatan nan ba mugaye ba ne, da yawansu daga aljihunsu suke cike wa marasa lafiya kuɗin magani. Amma darasin da mai jinya ke fita da shi guda ne: in ba ka da kuɗi, babu mai tsaya maka.

Alƙaluma ma haka suka nuna. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye, wanda yana cikin mafi yawa a duniya. A Abuja aka taru a watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma mai masaukin baƙin ta shafe shekaru tana yawo a wajen kashi 4 zuwa 6. Inshorar lafiya ta ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 ta tsaya kusan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya da na manyan kamfanoni, manomi da ɗan tireda ba su san da zamanta ba. Su kuwa shugabanni, kowa ya san inda suke zuwa. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, kuma a shekarar ne uwargidansa Aisha Buhari ta fito fili ta koka cewa asibitin fadar shugaban ƙasa ko sirinji babu. Da korona ta rufe filayen jiragen sama, Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha, wanda ke jagorantar kwamitin yaƙi da cutar, ya faɗa wa 'yan majalisa cewa bai taɓa sanin harkar lafiyar ƙasar ta lalace haka ba sai da aka ba shi wannan aiki. Ya faɗi gaskiya, amma ga mai sauraro a Kurna ko Rijiyar Lemo, wannan shaida ce daga bakin mai ita cewa masu mulki ba sa shan ruwan da yake sha.

Yanzu ka haɗa wannan da abin da ya faru a 2020. Gwamnatin da ba ta taɓa ba ka farasitamol kyauta ba, rana ɗaya ta ce gwaji kyauta ne, gado kyauta, abinci kyauta, har mota za a turo ta ɗauke ka. Ga cutar da ka saba binne 'ya'yanka saboda ita, zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko ƙyanda, ba a taɓa rufe kasuwa ko kafa kwamiti dominta ba. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Da mutane suka nemi dalilin wannan kulawa ta bagatatan, sai suka same shi a labarai. Gwamnatin tarayya ta ba Legas naira biliyan 10, Gwamna Abdullahi Ganduje ya nemi biliyan 15 wa Kano. Nan take magana ta bazu cewa ana ƙara adadin masu cutar ne don a karɓo kuɗi. Sannan waɗanda aka fara jin sun kamu manya ne: Gwamna Bala Mohammed na Bauchi, Gwamna Nasir El-Rufai na Kaduna, da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Sai aka ce ai cutar masu hawa jirgi ce, shi ya sa aka damu. Hukuncin da aka yanke kuskure ne, cutar gaskiya ce kuma ta kashe talakawa, amma hanyar da aka bi aka kai ga hukuncin hanyar mai hankali ce da ke aiki da abin da ya gani da idonsa.

Kano kuma tana da tabo na musamman. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, ta kashe mutum kusan 12,000. A Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ta fama da yara. Ana cikin haka tawagar kamfanin Pfizer ta sauka ta gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma an nemi izinin iyaye. Iyaye da yawa suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, sun ɗauka taimako ne. Sai a ƙarshen shekarar 2000 wata jaridar Amurka ta tono zancen, aka shiga shari'a a Najeriya da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin lura a nan shi ne abin da ya kai iyayen nan ga miƙa 'ya'yansu. Rashin wani zaɓi ne. Uwar da ke da asibitin da ta amince da shi da likitan da ta sani, za ta tsaya ta yi tambaya kafin a tsira wa ɗanta allura. Wadda ta kwana a ƙasa a harabar asibiti da yaro wuyansa ya sanƙare, duk wanda ya miƙo hannu za ta ba shi.

Daga cikin kuɗin sasancin aka gina wata cibiyar lafiya a Kwanar Dawaki, a kan hanyar Zariya, wadda mutane ke kira ginin Pfizer. Da korona ta zo, nan ne gwamnatin jihar ta mayar ɗaya daga cikin manyan wuraren killace masu cutar. Gini ne mai kyau, kuma an yi amfani da shi ta hanyar da ta dace. Sai dai wanda ya san tarihin wurin, aka ce masa za a zo da mota a ɗauki mahaifinsa a kai shi can, ba mai ziyara, ba mai jinya, in ya rasu ma ba lallai a ba da gawa a yi mata sutura yadda aka saba ba, ba abin mamaki ba ne in ya ɓoye mara lafiyar a ɗaki ya kira mai kemis.

Tsakanin Trovan da korona akwai labarin foliyo, wato shan inna, kuma a ganina shi ne ya fi koyar da darasi, domin a cikinsa an ga yadda amana ke ɓacewa, an kuma ga yadda ake dawo da ita. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna, bayan da Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin Dakta Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Shekarar ce Amurka ta auka wa Iraƙi, ga labarin Trovan bai huce ba, ga kuma tunanin manufar ƙayyade iyali ta zamanin Babangida da ta ce 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta fi kowa daɗewa, sai a ƙarshen Yulin 2004 aka koma, bayan an kawo magani daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Yaran da cutar ta kama a Najeriya sun haura 1,100 a 2006, ƙwayar cutar kuma ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yemen da Indonesiya.

Ko bayan an ɗage takunkumin, masu ɗigon sun ci gaba da shan wuya a bakin ƙofa. Mace ce za ta yi sallama da 'yar kularta a rataye, da alli na rubutu a bango da tawadar shafa wa yaro a ɗan yatsa. Maigida zai fito ya tare zaure, kuma tambayar da ake yi musu kusan iri ɗaya ce daga Kano har Sakkwato: Malama, watan jiya ƙyanda ta ɗauke mana yara a unguwar nan, ba mu ga kowa ba. Na kai yarona asibiti da zazzaɓi an ce in sayo magani. Me ya sa wannan kaɗai ne kyauta, kuma har gida kuke biyo mu da shi kusan duk wata? Ma'aikaciyar ba ta da amsa, saboda tambayar ta fi ƙarfinta. Amsar gaskiya ita ce duniya ta zuba kuɗi don kawar da foliyo baki ɗaya, ba ta zuba irinsa kan sauran cututtuka ba, gwamnatin gida kuma ba ta cike giɓin ba. Abin ya kai maƙura ranar 8 ga Fabrairun 2013, da 'yan bindiga suka harbe masu aikin rigakafi 9 a wasu cibiyoyin lafiya biyu a Kano, mata masu neman ɗan abin da za su rufa wa kansu asiri.

Abin da ya juya lamarin bai tsaya ga wa'azi da tallan rediyo ba. An jawo sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, maganar ta sauko ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. An ɗauki mata 'yan unguwa, masu shuɗin hijabin nan, waɗanda ke bin masu ciki suna tura su awo, suna zuwa gidan suna, ana ganinsu ko ba lokacin rigakafi ba. Waɗanda cutar ta shanye wa ƙafa suka shiga gaba da kekunansu suna magana da iyaye. Sannan, kuma wannan ne ya amsa tambayar maigidan can na zaure, aka fara kafa sansanonin lafiya a unguwannin da aka fi ƙin ɗigon. A kafa rumfa a ƙofar gidan mai unguwa, a auna hawan jinin tsofaffi, a gwada zazzaɓi a ba da magani, a ba da na tsutsar ciki da gishirin gudawa, duk kyauta, ɗigon foliyo na gefe a matsayin ɗaya daga ciki. Iyayen da ke rufe ƙofa suka riƙa kawo yara da ƙafarsu. Yaro na ƙarshe da foliyon daji, wato asalin ƙwayar cutar, ya kama a Kano a Sumaila yake, a watan Yulin 2014. Na ƙarshe a ƙasar baki ɗaya a Borno aka samu a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020, ana tsakiyar korona, aka ayyana Afirka ta rabu da foliyon daji. Mutanen da aka ce jahilai ne ba su canja ba, abin da ake kawo musu ne ya canja.

Wannan tsari na foliyo ya yi rana a wani wurin ma. Da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar Ebola ranar 20 ga Yulin 2014, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lamba, ta kamu, ta rasa ranta. Ƙwararrun da suka gogu a aikin foliyo, cikinsu har da Dakta Faisal Shuaib, su aka ɗauko suka tafiyar da cibiyar gaggawa. Aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana zuwa gidajensu kullum ana auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama. Ko a lokacin an yi jita-jita, har aka kwana ana wanka da ruwan gishiri ana sha. Amma Ebola ba ta nemi miliyoyin mutane su daina fita neman abinci ba, ta tsaya a kan 'yan ɗaruruwa da aka iya kula da su ɗaya bayan ɗaya.

Korona kuwa ta nemi kowa ya sadaukar da wani abu, kuma a nan ne rashin amana ya fi tsada. An ce wa mai turin baro da mai faskare da 'yar talla su zauna a gida, ga azumi ya kama a cikin kullen. An hana sallar Juma'a da tarawih. Wanda aka nema wa wannan duka yana da haƙƙin ya ga abin da za a ba shi a madadi. Abin da ya fara gani bulala ce: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, a lokacin da cutar kanta ta kashe 12. An kwashi almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka riƙa samun masu cutar a cikinsu bayan sun isa. A Gombe, waɗanda aka killace a Kwadon suka fito kan titi a watan Mayu suna zanga-zangar rashin kulawa, hotunan suka zagaya wayoyi, kowa ya ga abin da ke jiransa in ya kai kansa gwaji. Sai kuma Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Yola da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya na tallafin korona a jibge. Gwamnoni sun ce ana shirin rabawa ne. Ko da hakan gaskiya ne, wanda ya yi azumi da yunwa a watan Afrilu ya ga buhun a watan Oktoba, kuma ba zai manta ba.

A Nijar ma an ga makamancin haka. Da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta hana sallar jam'i ta kafa dokar hana fitar dare a Yamai, an yi tarzoma a Mirriya ta jihar Damagaram, aka kuma ƙona tayoyi a unguwannin Yamai a watan Afrilu, har sai da aka buɗe masallatai a tsakiyar Mayu. Ƙasar tana da dokar kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta tun 2006, amma gwamnati ta daɗe tana jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, sai ya zama kyautar na nan a takarda, magani kuma babu a kan kanta. Alƙawarin da ba a cika ba yana iya ɓata amana fiye da wanda ba a yi ba tun farko.

Ba ina cewa samun asibiti kaɗai ke haifar da yarda ba. A Amurka da Faransa da Jamus, inda asibitoci suke cike da kaya, an yi zanga-zangar ƙin rigakafi. A nan gida ma akwai malaman da suka yi amfani da mumbari suka ƙaryata cutar, akwai saƙonnin murya na WhatsApp, akwai 'yan siyasa irin su Gwamna Yahaya Bello na Kogi da ya fito ya tsoratar da mutane kan rigakafin, yana kafa hujja da abin da ya faru a Kano. Waɗannan duk sun yi tasiri, kuma masu yin su suna da alhaki. Amma jita-jita tana buƙatar wanda zai ƙaryata ta, kuma mai ƙaryatawar sai ya zama wanda aka riga aka sani da alheri. Duba wanda mutane suka koma wa a lokacin kulle: mai kemis na bakin layi, ungozoma, ma'aikacin lafiyar da ke zaune a unguwa ana ƙwanƙwasa masa ƙofa da tsakar dare. Mai kemis yana ba da magani bashi, ya san sunan yaranka, bai taɓa ce maka ka dawo gobe ba. Wani lokaci maganin da yake bayarwa ba daidai ba ne, kuma wannan matsala ce babba. Amma ya nuna cewa mutanen nan ba maganin Bature suke gudu ba, sun fi kowa shan ƙwaya da son allura. Suna amincewa da wanda ya saba zuwa musu ne. Kuskuren da aka yi a 2020 shi ne an bar waɗannan mutane a gefe, aka riƙa magana daga Abuja ta talabijin da Turanci da yamma, ga mutanen da ba su da wuta.

Su kansu ma'aikatan lafiya ba su yarda da gwamnatin da suke wa aiki ba. Kafin annobar, alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata. Likitoci masu neman ƙwarewa sun shiga yajin aiki a watan Yunin 2020 kan kayan kariya da alawus, suka sake a Satumba, suka sake a 2021 har na wajen wata biyu. Da rigakafin AstraZeneca ya iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, an samu nas-nas da likitocin da suka ja baya. In wadda za ta yi maka allurar ita ma tana shakka, magana ta ƙare. Ƙasashe masu arziki kuma suka ƙara dagula lamarin, suka riƙe rigakafin har sai da ya kusa lalacewa sannan suka aiko da shi kyauta. A watan Disambar 2021 aka lalata sama da miliyan 1 da wa'adinsu ya wuce a wani juji a Abuja. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa ta yi haka a bainar jama'a don a ga ba a yi wa kowa da lalatacce ba, kuma ta kyauta, amma da yawa abin da suka fahimta shi ne ragowar da wasu suka ƙi ake kawo mana. Da aka tilasta wa ma'aikatan gwamnatin tarayya nuna katin rigakafi, sai kasuwar katin bogi ta buɗe.

Kuɗin wannan rashin yarda ba a gama biyansa da wucewar korona ba. A ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, ta yi tsanani a 2023, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a faɗin ƙasar a Kano suke. Ɗaruruwa suka rasu, galibi yara, yawancinsu ba a yi musu cikakken rigakafi ba. Wannan cuta ce da allurar jarirai ta yau da kullum ke hanawa, allurar da ake fara yi tun jariri na da mako 6, a asibitin unguwa, kyauta. Wasu iyayen sun daina kai yara tun lokacin kulle, wasu sun ji tsoron kada a haɗa da ta korona, wasu kuma sun je sun tarar da ƙofa a rufe ko ma'aikaciya ɗaya da layin da ba zai ƙare ba.

Akwai dokokin da za su iya gyara wannan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kodayake sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. A 2022 an sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta wajabta ta ga kowa, tare da asusun marasa galihu. Manufar da aka daɗe ana faɗa ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti guda mai aiki dare da rana. Kano na da mazaɓu 484. Duk mai son sanin yadda jihar za ta karɓi umarnin hukuma a annoba ta gaba, ya zagaya ya ƙirga nawa ne a cikinsu mace za ta je da naƙuda ƙarfe 2 na dare ta sami ungozoma da wuta da ruwa, ba tare da an miƙa wa mijinta takardar sayayya ba.